Littafin da Baba Bango Ya Yanke wa Lamba

A layin da ke bayan tashar mota, tsakanin shagon mai gyaran agogo da na mai sayar da katifa, akwai wani ɗan shago da ƙofarsa ba ta buɗewa duka saboda tarin kwalaye. A nan Baba Bango ya yi shekara arba'in da ɗaya yana ɗinke littattafan mutane. Sunan daga sana'ar ya fito. Duk littafin da bangonsa ya tafi, wurinsa ake kawo shi, ya huda, ya ɗinke, ya shafa gam, ya sa masa sabon kwali da yadi, ya danne shi a ƙarfen matsi kwana biyu, ya fito ya fi lokacin da yake sabo ƙwari. Ko jikokinsa ba su san yana da wani suna ba.

Mutum ne dogo siriri, tabarau a kan karan hanci, fuskarsa kullum kamar wanda aka aiko da saƙon da ba ya so ya faɗa. Ba mugu ba ne, kada mu ɗauki alhakinsa. Shi dai a ganinsa dariya aikin marasa aikin yi ce. In mai agogo ya leƙo da wani labarin ban dariya, ya ƙare shi yana riƙe da ciki, sai Baba Bango ya ɗago kai ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "To, sai aka yi yaya?" Shi ke nan labari ya mutu a tsaye, mai agogo ya ja ƙafa ya koma shagonsa yana gunaguni.

Yana da ƙa'ida guda da yake ji da ita: ba ya karanta littafin da aka kawo masa. Ba don bai iya ba, karatunsa tsaf yake. Wanda ya koya masa aikin ne ya dasa masa wannan tun yana saurayi, cewa mai ɗinki lamba yake bi, in ya tsaya karatu gam ya bushe. Saboda haka idonsa kullum yana gindin shafi: bakwai, takwas, tara, a jera, a huda. Amma rashin karantawa bai hana shi yanke hukunci ba. A shagon akwai kanta ta sama inda yake ajiye waɗanda yake kira littattafan kirki, su ƙamus, su littafin likitanci, su dokoki, masu nauyi da ƙananan rubutu. A ƙasa kuma, dab da kwandon shara, akwai kwalin da yake jefa na shirme. Duk littafin da aka ce masa yana sa dariya, wannan kwalin ne masaukinsa har a zo kansa.

To, mai irin wannan hali, sai ga shi Allah ya haɗa shi aure da Iya.

Iya gajeriya ce mai jiki, sana'arta saƙa hulunan jarirai da safa. Dariyarta kuwa in ta fara, matan gida na uku sukan dakata da wanki su saurara. Tun ranar da ta shigo gidansa akwai wani littafi a cikin akwatinta. Sunansa na gaskiya ya tafi da bangonsa na fari, a gidan littafin Maigadi ake ce masa. Abin da Baba Bango ya sani a kansa, wanda ya shiga kunnensa ba da izininsa ba, bai wuce cewa labarin wani maigadi ne matsoraci da yake gadin masana'antar da ta rufe, masu ita suka watse, ba wanda ya tuna ya sallame shi. Akwai kuma wata akuya a ciki. Iya takan karanta shi daga farko zuwa ƙarshe aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma kowane karo sai ta yi dariya a wuraren da ta yi bara, har ta ajiye saƙa ta share ido da gefen mayafi.

"Malam, don Allah saurari wannan wurin kaɗai."

"Maman yara, ni na girmi wannan."

Haka suka yi ta yi shekara arba'in, ba ta gaji da tayi ba, bai gaji da ƙi ba. Zamansu lafiya lau, ko maƙiyi ya shaida. Sai dai akwai wani ƙulli a ransa game da littafin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ɗansu na fari ya rasu yana wata takwas. Bai fi mako uku da rasuwar ba, Baba Bango ya dawo gida da rana tsaka neman wata basilla da ya manta, ya hango Iya ta taga, ta ba shi baya, littafin a cinyarta, kafaɗunta suna rawa. Ya tsaya cak. Ya ce a ransa, yanzu matar nan har ta iya dariya? Ya juya ya koma shago ba basilla. Daga baya suka haifi wasu huɗu, suka rayu, ƙullin ya ƙanƙance amma bai warware ba. Duk sanda ya ga littafin sai abin ya ɗan taɓa shi.

Wannan ne ya sa da ta matsa masa ya sake wa littafin bango, shekara ashirin da shida da suka wuce, ya yi aikin da rabin zuciya. Ya huda shi ta gefe wuri bakwai ya ɗinke, ya kai shi ƙarƙashin doguwar wuƙar da ake daidaita gefen takarda da ita, ya danna ba tare da ya auna ba. Wuƙa ta ci gindin littafin fiye da kima, ta tafi da lambobin shafi gaba ɗaya, tun daga ɗaya har ƙarshe. Da ƙamus ne da ya kwana uku bai ci abinci ba. Ya dubi siririn tarkacen da ya zube ƙasa ɗauke da lambobi, ya share shi da ƙafa, ya ce ai ɗinkina ba ya kwancewa, wa zai nemi lamba. Iya ta karɓi littafinta ta yi godiya. Ko ta lura, ba ta ce komai ba.

A farkon shekarar da muke magana a kanta, Iya ta fara kuskuren ido a saƙa, tana sa zare inda ba nan ba. Autarsu, wadda take aikin jinya, ta kai ta wurin likitan ido. Da suka dawo, Auta ta biyo ta shago ta rufe ƙofar, ta ce, "Baba, jijiyar idon ce take bushewa. Ba aikin da za a yi. Za ta riƙa ganin hanya da mutane, amma ƙananan rubutu, likita ya ce wata uku, in an yi sa'a huɗu."

Baba Bango ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya ce, "Allah ya sa kaffara ce."

Mako guda bayan haka sai ga Iya da kanta a ƙofar shago, abin da ba ta yi sau biyar ba a rayuwarta. Ta ajiye masa baƙar leda a kan tebur. Ya buɗe, ya ga littafin Maigadi ya zama falle-falle, ɗari da ashirin da shida, a hargitse kamar an zuba su daga sama.

"Ya watse mini a hannu," in ji ta. "Na tattara yadda na iya. Malam, ina so in karanta shi sau ɗaya da idona kafin su tafi. Na sa Auta ta zaga masu sayar da littafi, sun ce an daina buga shi tun tuni."

"Aikin kwana uku ne," ya ce, hannunsa ya riga ya kai gindin falle na farko.

Nan ya ga fari fat. Ya ɗauki na biyu, fari. Sai a lokacin ya tuna tarkacen da ya share da ƙafa.

"Lafiya, Malam?"

"Lafiya lau. A ce mako guda."

Da ta tafi ya zazzage ledar, guntayen zaren ɗinkinsa suka faɗo. Ya ɗaga ɗaya ya kai kusa da tabarau. Zaren da ya tsufa ya tsinke bakinsa a tarwatse yake, wannan kuwa bakinsa sumul, almakashi ne ya bi ta kansa. "Jikoki," ya ce da tsaki, ya jefa guntayen a gwangwanin allura.

Kada ku zaci nan take ya sauka daga kan ƙa'idarsa. Ina! Sai da ya gwada duk dabarar da ya sani. Hudar ɗinki ta nuna masa gaba da bayan kowane falle. Wani tabon shayi da ya ratsa falle tara ya jera masa su, daga babban tabo zuwa ƙarami. Saura kuma ya ce zai karanta layin ƙarshe na wannan da layin farko na wancan kawai, in suka haɗu ya jera, wannan ai ba karatu ba ne, gwaji ne. Sai ga wata matsala. Kowane babi da magana ɗaya yake ƙarewa, domin Maigadi yana da littafin rahoto da yake cikewa kullum, kuma kome ya faru, ko rufi ya rufta ko akuya ta kore shi ya hau bishiya, abu guda yake rubutawa: yau ba abin da ya faru. Babi ashirin da huɗu, wutsiya iri ɗaya. Baba Bango ya dinga tsine wa marubucin a ransa, ya jera su yadda ya ga dama, ya ɗaure da igiya ya kai gida don ta duba kafin ya ɗinke.

Iya ta zauna a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, ta kai takarda kusa da hanci tana juyawa a hankali. Can sai kafaɗunta suka fara motsi.

"Malam."

"Na'am."

"Akuyar nan an sayar da ita a nan, an tafi da ita a mota. Ga ta nan kuma bayan shafi uku tana cin hular Maigadi. A ƙafa ta dawo?"

"Wataƙila wata akuyar ce."

"Ga shi kuma ka aurar da 'yarsa, sannan ka sa ta a goye." Ta kwashe da dariya har takardun suka nemi zamewa. Da ta lafa ta miƙa masa su, muryarta ta sauka. "Ka yi haƙuri, ba raina aikinka na yi ba. Amma ba shi ba ne."

Ya ji kunya irin wadda bai ji ba tun yana koyon aiki. Ya ce ko za ta zauna ta jera masa da kanta, tunda ta san shi kamar tafin hannunta. Ta ce idon ba zai ɗauki aiki biyu ba, in ta ƙarar da shi wajen jeri, da me za ta yi karatun? Ga mako biyu sun riga sun tafi.

Washegari ya share babban teburinsa, ya maida ƙamus ɗin wani lauya gefe, ya baje fallayen, ya nemo wanda ya fara da babban harafi, ya gyara tabarau. Ya karanta shi daga sama har ƙasa, fuska a murtuke, kamar mai shan magani.

Karatun mai jeri ba irin na kowa ba ne. In ya gama falle ɗaya sai ya nemi mai bi masa cikin ɗari da wani abu, kuma ba zai same shi ba sai ya riƙe komai a ka: wa ya ce me, hular tana kai ko akuya ta riga ta ci, wane alkawari aka yi ba a cika ba tukuna. A haka ya san Maigadi, ya san abokinsa, wani tsohon mai facin taya da yake zuwa hira kowace safiya. Kujeru biyu ne a bakin ƙofar masana'antar, ɗaya lafiyayya, ɗaya ƙafarta guda gajeriya ce. Kullum Maigadi sai ya ƙirƙiro dabarar da zai zaunar da mai faci a kan gurguwar, kullum mai faci sai ya rantse yau ba za a yi da shi ba, kullum kuma sai ya ƙare a ƙasa, ƙafafu sama, yana zagin kakannin wanda ya ƙera kujera. Dabarar ba ta taɓa maimaituwa ba. A rana ta huɗu, da Maigadi ya sauya wa kujerun wuri sau biyu don ya rikita abokinsa, ya rikita kansa, ya zauna a lafiyayyar da fargaba har ya kasa jingina, shi kuwa mai faci ya faɗi duk da haka, wani sauti ya fito daga shagon Baba Bango.

Mai agogo ya shigo a guje, gilashin aiki maƙale a ido. "Lafiya? Ka shaƙe ne?"

"Tari ne."

Mai agogo ya dubi teburin, ya dubi fuskar maƙwabcinsa, ya washe baki. "Tabɗi! Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Ai littafin Maigadi ne wannan. Ashe kai ma ka faɗa kwalin shirme."

"Aiki nake yi."

"Yi abinka. Na karanta shi ina saurayi. Ba komai a ciki sai barkwanci, amma akwai daɗi."

Da kwana biyar baya ne da Baba Bango ya ce gaskiyarka. Yanzu kuwa bai yarda ba. Domin shi da yake bin littafin falle-falle ya fara ganin abin da mai karatun gudu ba ya gani. Ba abin da marubucin nan ya jefar a banza. Maɓallin da ya ɓace a babi na biyu, a na sha ɗaya aka same shi a aljihun wanda ba a zata ba, kuma in ka koma baya sai ka ga an nuna maka hannun yana shiga aljihun, dariya ce ta hana ka lura. Maigadi matsoraci ne, amma bai taɓa barin ƙofar nan ba ko da yini ɗaya, ba mai duba shi, ba mai gode masa. Ka gama yi masa dariya, sai ka tarar kana jin nauyinsa.

"Marubucin nan maɗinki ne," ya ce wa mai agogo bayan kwana biyu, ba wanda ya tambaye shi. "Ɗinkin kirki ba a ganin zarensa, sai dai ka ja ka ji ya ƙi rabuwa. Kai da kake buɗe bayan agogo, ka taɓa ganin haƙorin da ba ya juya wani? To haka littafin nan yake. Ni na ɗinka littattafai masu nauyin bulo da in ka cire shafi hamsin ba wanda zai sani. Wannan falle ɗaya na sa ba daidai ba, matata ta kama ni."

"To fa," in ji mai agogo. "Sai aka yi yaya?"

Baba Bango ya harare shi ta saman tabarau, ya koma kan aikinsa.

Akwai wani falle da tun farko ya ware shi gefe saboda ya fi kowanne lalacewa. Ya yi laushi kamar tsohon ƙyalle, gefensa ya yi duhu da yatsa, jikinsa duk ƙananan kumburi zagaye-zagaye. Ya ɗauka nan ne wurin da ya fi ban dariya, tunda nan aka fi buɗewa, har yana ɗokin isowarsa. A mako na huɗu, da hantsi, jeri ya kawo shi.

Mai faci ya rasu. Marubucin bai yi dogon bayani ba, layi biyu ne, wani mai wucewa ya faɗa wa Maigadi ta cikin ƙofa. Washegari da safe Maigadi ya fito da kujeru biyu kamar kullum, ya jera su, ya tsaya yana dubansu. Sai ya zauna a kan gurguwar, ya dafe ƙasa da ƙafa ɗaya don kada ta kayar da shi, ya bar lafiyayyar ba kowa, har rana ta yi tsaka. Sannan ya buɗe littafin rahoto ya rubuta abin da ya saba rubutawa.

Baba Bango ya ajiye fallen. Ya sake ɗauka ya karkata shi wajen haske. Shekara arba'in da ɗaya yana ganin abin da ruwa yake yi wa takarda. Ruwan sama shimfiɗa yake yi, shayi yana barin launi, gumi a gefe yake tsayawa. Wannan ɗigo ne ɗaya-ɗaya, daga sama, daga kusa, wasu sun tsufa har sun yi rawaya, wasu a kan wasu. Sai tagar nan ta dawo masa, da bayan mace, da kafaɗu suna rawa.

"Wayyo ni," ya ce a fili. "Wayyo, Maman yara."

Kuka take yi ranar, shi kuma ya juya ya tafi ya bar ta ita kaɗai da littafi, ya kuma riƙe ta da laifi shekara kusan arba'in. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a ciki ya yi nasa kukan, yana kare fallen da hannu kada ya ƙara masa tabo.

Sauran aikin bai ba shi wuya ba, don yanzu ya san inda kowa ya dosa. Fallen nan mai laushi ya yi masa majingina da siririyar takarda a gefe. Ya ɗinke da sabon zare, ya ɗauko koren yadin da ya shekara goma yana ɓoyo don wani babban littafi da bai taɓa zuwa ba, ya sa fata a kusurwoyi huɗu. Wuƙa kuwa ko kusa da shi bai kai ta ba. Da fensir ya bi gindin kowane shafi ya rubuta lamba, ɗaya har ɗari biyu da hamsin da biyu. Da ya fito daga ƙarfen matsi, kafin ya kai shi gida, ya ɗora shi a kanta ta sama, tsakanin ƙamus da littafin likitanci, ya ja baya ya dube shi. Yana neman allura a gwangwani ne guntayen tsohon zaren suka sake faɗo masa. Wannan karon ya jera su a tafin hannu. Bakwai ne, kowanne an yanke shi daidai gindin ƙulli, takarda ko ƙwarzane babu. Jika ba ya yanka haka.

Mako biyar da kwana biyu ke nan da kawo ledar. Ya isa gida da la'asar, rana tana nan da sauranta a tsakar gida. Iya ta karɓi littafin ta shafa yadin, ta shafa kusurwoyin, ta shinshina.

"Har da fata, Malam? Littafin shirme?"

"Buɗe ki gani."

Ta buɗe. Ta kai shi kusa da fuska, ta nisanta, ta karkata wajen rana, ta sake kusantowa. Ya tsaya yana kallon idanunta suna yawo a kan shafin ba su tsaya a layi ba. Ta rufe littafin a hankali ta ɗora a cinya.

"Na makara," ya ce. "Da ban yanke lambar ba, da kwana uku ne. Ni na cinye miki kwanakin."

"Zauna, Malam."

Ya zauna a kan tabarma kusa da ita. Ya zaro guntayen zaren daga aljihu ya zuba mata a hannu. Ta murza su da yatsa, bakinta ya fara motsi.

"Almakashin saƙa ne," ya ce.

"Shi ne." Ba ta ko sunkuyar da kai ba. "Tun kafin Auta ta kai ni asibiti rubutun nan ya daina tsaya mini. Likita lissafinsa ya yi, ni na san abin da nake gani. Ranar akuyar nan ma kalma ɗai-ɗai na tsinta, sauran a kaina yake. Lambar kuwa tun ranar da ka kawo shi na san ka yanke ta. Na ce in na roƙe ka ka karanta, za ka ce ka girme shi. In na ba ka aiki kuwa, ko zai kashe ka sai ka gama." Ta juyo da fuskarta wajensa. "Shekara arba'in ina dariya ni kaɗai a gidan nan, Malam. Na ji tsoron in ido ya tafi, dariyar ma ta tafi."

Ya so ya yi faɗa, ya nemi faɗan ya rasa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Na ga fallen kujera."

Ya matso kusa da ita, ya ci gaba.

"Ranar nan, bayan yaron nan, na hango ki ta taga. Na zaci dariya kike yi. Na riƙe ki da shi har bana. Ki yafe mini."

"Na ji takunka ranar," in ji Iya. "Na zaci ba ka so ka ga kukana ne, don naka bai fito ba. Kowa ya ba ni haƙuri a lokacin, har na gaji da ji. Maigadi ne kaɗai bai ce mini komai ba, ya zauna a kujerarsa, na zauna a tawa." Ta share ido da gefen mayafi, ta tura masa littafin. "Allah ya yafe mana duka. Rana tana tafiya, fara daga farko."

Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya fara da muryar da yake karanta takardar hukuma.

"A'a, a'a," ta ce. "Maigadi ba haka yake magana ba. Matsoraci ne mai son a ce jarumi ne. Ɗaga muryar, sannan ka bar ta ta karye a ƙarshe."

Ya ɗaga, ta karye da kanta. Iya ta tuntsire. Ya yi ƙoƙari ya riƙe fuska, ya kai layi na biyar, inda Maigadi ya ƙame ya sara wa akuya, abin ya ƙwace masa. Matar gidan kusa ta leƙo ta kan katanga don ba ta taɓa jin dariyar namiji daga gidan nan ba. Da suka iso safiyar farko ta kujeru, mai faci ya faɗi ƙafafu sama, Baba Bango ya yi dariya, amma a tsakiyarta ya tsaya, don ya san inda kujerar za ta kai. Iya ta lalubo gwiwarsa ta dafa.

"Haka yake a karo na biyu," ta ce. "Ci gaba."

Sun kusa ƙarshen babin wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, daga wurin aiki.

"Baba, ina wuni? Ya jikin Iya? Na ji muryarka wani iri. Wani abu ya faru ne?"

Baba Bango ya sa yatsa a shafin don kada ya ɓace masa, ya dubi matarsa ta saman tabarau.

"A'a," ya ce. "Yau ba abin da ya faru."

Auta ta yi ta tambaya me ya sa Iya take dariya haka, amma ba wanda ya iya ba ta amsa.